Ɗawisu a Kan Gidan Gisulal

Ƙarar ta fara ne ina idar da sallar magariba. Ƙar, ƙar, ƙar, ta jikin bangon da ya raba ɗakina da na maƙwabcina Gisulal. Na ɗauka gafiya ce, amma gafiya ba ta dakatawa ta yi tari. Na zura takalma na zagaya.

Na tarar da shi zaune a ƙasa, mutumin da ya yi wata biyu bai sauko daga gado ba. Ya jingina zanen nan nasa da ƙafar gado yana kankararsa da cokalin shayi. Ɗansa Madan yana tsaye a kansa, matar Madan, Kesar, ta ja mayafi ta rufe fuska a bakin ƙofa.

"Kaka Shakur, ka yi wa Bapu magana," in ji Madan, haka yake kiran mahaifinsa. "Gyara na sa aka yi wa zanen, dubi abin da yake yi."

Shekara arba'in na san zanen nan. Ganuwar kan dutsen garinmu ce, da fentin mai. Wani baƙo ne ya zana ta, tun kafin hukuma ta kori mazauna cikin ganuwar ta rushe gidajensu. Mahaifin Gisulal ya yi wata uku yana hau masa da ruwa a kan jaki, da baƙon zai tafi ya bar masa zanen. Hayaƙin fitila ya dusashe shi, amma a gindin hasumiya ta uku akwai wani gida mai shuɗiyar ƙofa, ƙofar ba ta fi ƙwayar wake ba. A nan aka haifi Gisulal, kuma babu inda gidan ya rage a duniya sai nan. Ni karatuna bai wuce aji uku ba, gyaran kwaɗo da makulli ne sana'ata, amma nakan ƙura wa ƙofar ido har in ji kamar wani zai buɗe ta ya watso ruwan wanke-wanke.

Yanzu ganuwar ta koma ruwan lemo tana ƙyalli. Sama ta yi shuɗin bokitin roba. A gindin hasumiya ta uku wani ƙaton ɗawisu ya baza jela.

"Wa ya yi wannan aika-aikar?"

"Bikin fitilu na Diwali saura kwana huɗu, Kaka. Mun shafe gida da farar ƙasa, sai wannan baƙin abin a bango. Ta ina Lakshmi, allahiyar arziki, za ta shigo gida da datti? Na kai wa Banwari, ya ce wurin nan duk ƙananan tabo ne, ya rufe su."

"Banwari? Mai rubuta a danna ham a bayan manyan motoci? Shi ka kai wa gidan kakanka?"

"Kowa ya gani ya ce ya fi kyau."

"Kowa ɗin a can aka yanke masa cibiya? Kai Madan, ƙaton banza! Bakinka ciwo yake da ba za ka tambaya ba?"

"Bapu barci yake yi lokacin," in ji Kesar a hankali.

Gisulal bai ko ɗago ba. Cokalin ya riga ya cinye rabin jelar ɗawisun, ya haɗa da abin da ke ƙasa. Farin ƙyalle ne kawai ke leƙowa.

"Shakur Bhai, ɗan'uwana," ya ce, numfashinsa na sarƙewa, "kai da kake buɗe abin da ya ƙi buɗuwa. Nemo mini ƙofar."

Na koma na ɗauko siririyar askar aikina da tabarau. Na durƙusa ina ɗaga fentin Banwari kaɗan-kaɗan, ina zaginsa a zuci, shi da kakanninsa. Sabon fentin ya kama tsohon gam. Duk inda na ɗaga, tare suke tasowa. Can a ƙarƙashin ƙafar tsuntsun na ga shuɗi. Kafin in ce masa duba, ya ɓantaro ya manne a bakin askar.

Na sa masa a tafin hannu. Ya daɗe yana kallo, sannan ya dunƙule hannun.

"Bapu, bari in mai da kai gado," in ji Madan.

"Kar ka taɓa ni. Ai ƙasa za ku sauke ni idan lokaci ya yi. Na rage muku aiki."

Maganarsa ta ƙarshe ke nan ga ɗansa. Washegari da hantsi Kesar ta ɗiga masa ruwan Ganga, kogin da suke tsarkakewa, ta sa masa ganyen tulsi na ibadarsu a baki, ya cika. Da aka zo yi masa wanka Madan ya so ya buɗe hannun, na buge masa yatsu a gaban mutane. Haka aka ƙona gawarsa bisa addininsu, hannu a dunƙule. Ranar Diwali duk layinmu fitilu, ban da gidansu da nawa.

Ran kwana goma sha uku da rasuwar aka taru. Gisulal bai taɓa yarda an ɗauke shi hoto ba, don haka Madan ya ɗora zanen a kan kujera ya rataya masa furanni. Rana ta bakin taga tana ratsa wurin da muka kankare. Tsohuwa Dapu, wadda ita ma a cikin ganuwar aka haife ta, ta matso da jan gari a ɗan yatsanta don ta ɗiga wa mamaci a goshi, kamar yadda ake yi wa hoto. Ta duba sama, ta duba ƙasa, yatsan yana tsaye a iska.

"To, a ina zan sa masa?"