Takardar 'Yar Tambaya

Dogo na tsaye gaban babban allon ofis, yana kallon adadin iyayen da ke buɗe manhajar duba sakamakon jarrabawa. Dubu tara. Dubu goma sha huɗu. A ransa fata yake manhajar ta tsaya cak, shi da ya zana kowane shafinta da hannunsa.

Duk saboda 'Yar Tambaya ne. Shi ya laƙaba wa sabuwar ma'aikaciyar sunan, wata huɗu da suka wuce, ranar zaman farko. Ko layi ɗaya na manhajar ba a rubuta ba, ta miƙo takarda: mutum nawa za su shiga lokaci guda? Mai tsohuwar waya fa? In sabis ya ɗauke, daga ina za a ci gaba? Me zai hana wani leƙa sakamakon ɗan maƙwabcinsa?

"Ba a haifi yaro ba kina ɗinka masa rigar angwanci," in ji Dogo. Aka yi dariya, ya ɗora kofin shayinsa a kan takardar. Amma manaja ya ce a bi tsarinta, har da cewa, "Kanki na ja." Shekara bakwai Dogo na wurin, ba a taɓa faɗa masa haka ba. Tun ranar kishi ke cinsa, ga kujerar shugaban sashe babu kowa a kai.

Dubu talatin. Manhaja ko gezau.

Da yamma manaja ya shigo yana washe baki. "Kowa sai yabon kyan shafukan yake. Dogo, kujerar taka ce." Ko sunanta bai ambata ba. Abin da bai lalace ba, wa ke ganinsa? Ita kuwa ta tafa tare da kowa, ta koma kan aikinta.

Dogo ya jira daɗi ya zo, shiru. Haushinta ma ƙaruwa ya yi, don ya san gaskiya.

"Gobe zaman farko na manhajar asibiti," manaja ya ƙara. "Kai za ka jagoranta. Ka zo da tambayoyinka."

Ya zauna da biro da farar takarda, ba abin da ke zuwa masa sai launuka. Da aka fara watsewa ya taka har teburinta, ya yi ƙasa da murya.

"Ƙanwata, takardar nan taki, kina da kwafi?"

"Kwafi kuma, Yaya?" Ta ja durowa ta miƙo masa ta ainihi, shatin kofinsa na nan a tsakiya. "Tambaya ta uku ce shayinka ya shafe. In ka iso wurin gobe, sai ka tambaye ni."