Duwatsu Goma a Ƙarƙashin Tabarma

Kwana biyu kacal Gwaggo Ngwashi ta yi a gidan ƙanenta a birnin Mwanza na Tanzaniya kafin ta ce a kawo mata jakar makarantar 'yarsa Kabula. Shekara talatin da ɗaya ta yi tana koyarwa a firamare a Shinyanga, kuma tana cikin matan nan da ritaya ba ta raba su da jan biro. Ta zazzage jakar a tsakar gida: ɗan littafi ɗaya, fensir, da wani busasshen ganye da yarinyar ta tsinto a hanya.

"Ina aikin gida?"

Holo, uwar Kabula, tana tsugune tana tsince ƙananan kifi a faranti. Ta ce, "Yana cikin littafin, Yaya."

Gwaggo ta gyara tabarau ta karanta da ƙarfi don kowa ya ji. "Ki auna ƙofar ɗakinku da tafin hannunki, sannan da na babanki. Ki taya girki, ki ƙirga kofi nawa na gari aka zuba a tuwon ugali." Ta buɗe shafi bayan shafi, ba maki, ba jan layi ko ɗaya. "Maman Kabula, wannan makaranta ce ko gidan aikatau? Shekararta bakwai fa. Sa'o'inta na can suna rera bakwai sau takwas, ita tana auna ƙofa kamar kafinta!"

Masanja, mijin Holo, yana zaune a bakin ƙofa yana goge baƙin mai daga hannunsa. Mutum ne da ke iya yi wa masunta goma tsawa a bakin tafki idan sun lalata injin kwale-kwale, amma a gaban yayarsa bakinsa mutuwa yake yi, don ita ta goya shi bayan rasuwar uwarsu. Da ta ce ranar Asabar za ta tafi da Kabula Shinyanga ta sa ta a makarantar ƙwarai, sai ya sunkuyar da kai ya ce ai Yaya ta fi su sanin boko.

Holo ta ajiye farantin kifin. Ta san abin da ake kira makarantar ƙwarai. A irinta aka fara sa Kabula, aka zane ta a gaban aji kan lissafi ɗaya da ta ɓata, har ta yi fitsari a tsaye yara na dariya. Bayan nan kullum da safe sai ta yi amai kafin a fita da ita. Wata takwas ke nan da Holo ta maida ta wata 'yar makarantar Montessori, irin wadda yara ke koyo da aikin hannu, da ke kan tudu a tsakanin duwatsu, kuma wata takwas ke nan rabon da ta wanke amai da safe.

"Yaya, don Allah ki je ki gani da idonki. Safiya ɗaya tak. In ba ki ga karatu ba, ba zan ƙara cewa uffan ba."

"Juma'a," in ji Gwaggo. "Kuma ki haɗa mata kayanta tun yanzu, ba na son a ɓata mini lokaci."

Ranar Alhamis da yamma Holo ta ja Kabula bayan ɗaki da sunan wanka. Tana cuɗa ta tana magana ƙasa-ƙasa.

"Gobe ban da shara, ban da ba shuka ruwa. Lissafi za ki ɗauka, wanda ya fi kowanne wuya."

"Malama ta ce kowa ya zaɓi abin da ransa ke so."

"Gobe ni na zaɓa miki. Kuma kada ki yi kuskure. Ko ɗaya, kin ji ni? In Gwaggo ta ga kuskure, tafiya za ta yi da ke, ni kuma ina nan."

Yarinyar ta tsaya cak, kumfa na gangarowa daga kanta. Holo ta gani sarai, amma tsoro ya riga ya rufe mata ido, sai ta ci gaba da cuɗa.

Da safe Malama Limi ta tarbe su a ƙofar aji. Matashiya ce siririya mai sanyin murya, irin muryar da ke ba tsofaffin malamai haushi. Ta nuna musu kujeru biyu a gefen bango.

"Nan baƙi ke zama, Mama. Kallo kawai ake yi. Ba a yi wa yaro magana, ba a taɓa aikinsa, ba a gyara masa ko da an ga ya kauce."

"Ni za ki koya wa zaman aji? Ina riƙe da alli tun kina goye."

"Haka ne, Mama. Shi ya sa na san za ki iya."

Gwaggo ta zauna tana huci, jakarta a cinya.

Yara ashirin da 'yan kai suka shigo ɗaya bayan ɗaya. Kowa ya cire takalmi, ya gaisa da Malama hannu da hannu, ya wuce kantar kayan aiki ya ɗauko abin da zai yi. Ba ƙararrawa, ba layi. Wani ya shimfiɗa 'yar tabarmarsa yana harhaɗa taswira, wasu biyu na yanka ayaba don abincin tsakiyar safiya, wata na shara. Duk mai wucewa sai ya zagaye tabarmar ɗan'uwansa, ba ya takawa.

Gwaggo ta karkato ta raɗa wa Holo, "Kasuwar kifi ma ta fi nan tsari."

Idon Holo na kan 'yarta. Kabula ta daɗe a tsaye a gaban kantar. Ta kalli butar ban ruwa, ta kalli uwarta, sannan ta juya ta nufi inda aka rataye sarƙar dubu. Duwatsu ne masu ruwan zinariya irin na carbi, goma-goma a jikin waya, an sarƙa su har dubu. Ta ɗauko doguwar tabarma ta warware ta daga bakin ƙofa zuwa ƙarshen aji, ta miƙar da sarƙar a kai, ta kawo akwatin 'yan takardu masu lamba. Aikin shi ne a ƙirga, a ajiye takarda a kan kowane goma, har a kai dubu daidai kan dutse na ƙarshe.

Goma. Ashirin. Talatin. Tana rarrafe a gwiwa, yatsanta na bin duwatsun, leɓenta na motsi. Da ta kai ɗari ta ajiye jar takarda. Holo ta saci kallon Gwaggo, ta ga ta daina huci ta ɗan miƙo wuya. Ɗari biyu. Ɗari uku. Hankalin Holo ya fara kwanciya.

Daidai gaban kujerunsu abin ya faru. Kabula ta ajiye ɗari uku da arba'in, ta ɗago ta kalli Gwaggo, suka haɗa ido. Ta yi saurin sunkuyawa, ta lalubo takarda ta ajiye: ɗari uku da sittin.

Holo ba ta yi karatu mai zurfi ba, amma mace ce da ke sayar da kifi tun tana budurwa, ta san bayan arba'in hamsin ne. Gwaggo ta yi wani ɗan tsaki ta hanci, hannunta ya shige jaka yana laluben jan biro, sannan ta tuna inda take ta zare shi. Malama Limi na can ƙarshen aji tana nuna wa wani yaro haɗa haruffa. Ta wuce ta gefen sarƙar, ta duba, kuma Holo ta rantse ta gani, amma ta ci gaba da tafiyarta.

"Ta gani fa," in ji Gwaggo a raɗe. "Ta gani ta wuce. Wannan ce malamar taku?"

Holo ta so ta yi gyaran murya. Ta so ta turo leɓe ta nuna wurin, ko ta miƙa ɗan yatsan ƙafa ta taɓa takardar, don ba ta fi taku biyu daga inda take ba. Amma Kabula ta riga ta yi gaba, ta ba su baya, tana ɗora lamba a kan lamba, kowace a gurbin da ba nata ba. Ɗari biyar. Ɗari shida. Kusan awa guda aka yi a haka, Holo na murza bakin zanenta har ya jiƙe. Ta tsani muryar Malama Limi, ta tsani dokar kujera, ta tsani kanta da ta ce a zo a gani.

Ɗari tara da casa'in. Kabula ta ɗauko babbar takardar ƙarshe mai dubu ta ajiye. Sai ta tsaya. Sarƙa ba ta ƙare ba. Duwatsu goma na nan kwance a gaban dubun, ba mai lamba.

Ajin na ta harkarsa, wani na wanke faranti, wasu na musu kan sunan wani kogi. Kabula ta leƙa akwatin, ta ga takarda ɗaya ta rage. Ta juyo a hankali ta kalli uwarta, kallo irin na ranar da aka dawo da ita gida da jiƙaƙƙen siket. Sannan ta ɗaga bakin tabarma ta tura duwatsun goma ƙarƙashi, ta dunƙule takardar a hannu, ta miƙe tsaye.

"Na gama," ta ce, da wata murya da ba tata ba.

Gwaggo Ngwashi ta tashi ta fita ba tare da ta kalli kowa ba. Holo ta bi ta. A baranda suka tsaya, Malama Limi ta biyo su ta jawo ƙofa.

"Kuskure ba komai ba ne, kowane yaro na yi," in ji Gwaggo. "Amma ɓoyewa? Ƙarya a shekara bakwai? Wannan kuke koya musu?"

"A'a, Mama. Sau huɗu Kabula na yin wannan sarƙa, sau biyu tana ɓatawa. Dariya take yi ta ce sarƙa ta kama ta, ta koma baya ta nemo. Shi ya sa ba na gyara musu, sarƙar ke faɗa musu da kanta. Yau ne farkon ganina da ta ɓoye abu."

"To wa ya koya mata?"

In Holo ta yi shiru, laifin zai zauna a kan makaranta, a tafi da yarinyar. In ta yi magana kuma, ta miƙa wa dangin miji sandar da za su riƙa dukanta da ita har ta tsufa.

"Ni ce, Yaya. Jiya na ce mata in ta yi kuskure ko ɗaya za ki tafi da ita."

Gwaggo ta juyo za ta wanke ta tas, sai idonta ya faɗa ta taga, ta fasa. Holo ta bi inda take kallo.

Kujerun baƙi sun zama wayam. Kabula ta leƙa su sau biyu ta tabbatar, sannan ta durƙusa ta zaro duwatsun daga ƙarƙashin tabarma ta miƙar da su. Ta warware takardar da ta dunƙule, ta shafa ta a cinya. Ta fara rarrafawa da baya tana bin lambobin ɗaya-ɗaya. Wani ɗan ajinsu mai giɓi ya tsaya a kanta da tsintsiya.

"Sarƙa ta sake kama ki, Kabula?"

"Rufe mini baki, Shija, kai da ba ka wuce ɗari biyu ba."

Gwaggo ta daɗe tana kallo. Ta cire tabarau ta goge da bakin mayafi ta mayar.

"Shekara talatin da ɗaya," ta ce, ba da kowa take ba. "Ban taɓa ganin abin da suke yi bayan na fita daga aji ba." Ta gyara riƙon jakarta. "Ki kwance mata kayan nan. Ni kaɗai zan hau mota gobe."

Hawaye ya ɓalle wa Holo. Ta kai hannu ga ƙofa, so take ta shiga ta rungume 'yarta ta ce mata an fasa, ba inda za ta je. Malama Limi ta dafa hannun a hankali.

"Ba yanzu ba, Maman Kabula. Bari ta samo wurin kuskuren tukuna. In ta gan ki za ta sake ɓoyewa."

Holo ta buɗe baki za ta ce ai Gwaggo yarinyar ke tsoro, amma ta tuna ita ce Kabula ta kalla kafin ta ɗaga tabarma. Ta saki ƙofar. Ta matsa daga jikin taga zuwa bayan bango, inda 'yarta ba za ta hango ta ba, ta tsaya a nan tana jira.