Koren Fenti a Bakin Kwazazzabo

Tun daga nesa na jiyo warin fenti, gabana ya faɗi.

Shekara biyu muna sintiri tsakanin unguwarmu da ofishin magajin gari a kan filin shaƙatawarmu da 'yar hanyar ƙafa da ta ratsa shi, wadda take bin bakin kwazazzabo ta gangara har tashar bas. Ni ce shugabar kwamiti, ni na sha zaman benci a ofisoshi. Da ƙyar suka yarda za su turo injiniya ranar Litinin ya gani da idonsa. In ya rubuta wuri ya lalace, mu shiga jerin ayyukan bana, a yi mana shingen ƙarfe da matakala. In ya rubuta lafiya lau, sai kuma bayan shekara uku. A taron Juma'a sai da muryata ta dushe ina roƙon kada kowa ya taɓa ko tsinke. Daga nan na wuce ƙauye duba ƙanwata da ta haihu, ban dawo ba sai yau Litinin da safe.

Ashe ina juya baya aka kira minga, aikin gayyar da ba mai iya ƙin fitowa a unguwarmu. An nome ciyawa, an cike ramuka da tsakuwa. Tsohon shingen katakon da ruwan sama ya gama ruɓarwa kuwa, an shafe shi da koren fenti, sai ƙyalli yake yi.

Na san aikin waye. Mama Targelia, wadda ta girmi kowa a unguwar, tana tsaye da sauran fenti a gefen siket ɗinta, ko kunya babu.

"Mama Targelia, wa ya sa ku?"

"Wa ya isa ya sa ni? Baƙo zai zo, Herminia. So kike ya same mu cikin ƙazanta kamar ba mu da manya?"

"Ai ƙazantar muka kira shi ya gani!"

"To ki kai shi ɗakinki ya gani. Ni dai ba da ni ba."

Raina ya ɓaci, amma babu lokacin faɗa, motar ofis ta riga ta tsaya. Injiniya Paucar ya fito da allon rubutu da takalmi fes. Kafin ya buɗe baki an danƙa masa dafaffiyar masara da cuku. Yana ci yana yabo.

"Kai, unguwar nan akwai haɗin kai! Da haka kowa yake, da mun huta."

Maƙwabtana sai washe baki suke yi, ana yanka su suna godiya. Na bi shi ina bayani: damina da ta wuce ƙasa ta zame a kwanar can, katakon nan ya girmi 'ya'yana.

"Doña Herminia, ni abin da idona ya gani nake rubutawa. Unguwa huɗu ke jirana yau, wata ko benci ba ta da shi."

Na leƙa allon. Ya riga ya yi alama a gidan "mai kyau" har sau uku, saura layin shinge.

A daidai lokacin Zoila, matar mai gyaran takalma, ta hawo daga tasha, goyo a baya, buhu a hannu, tana haki. Ta iso kwanar da ta fi tsayi ta tsaya ta huta. Shekara da shekaru ba mai kusantar katakon nan, don kowa yana ganin ruɓarsa. Yau ya yi kyau. Na ga ta ajiye buhu ta juya za ta jingina.

"Zoila! Kar ki taɓa!"

Ta daskare. Ban san lokacin da na isa wurin ba. Na janye ta gefe, na ɗaga ƙafa na tokari ginshiƙin. Ya yi ƙara bai faɗi ba.

"Kin haukace ne?" in ji Mama Targelia. "A gaban baƙo?"

Na sake tokara. Ya karye daga tushe, ya ja na kusa da shi, su uku suka tafi tare. Mun daɗe muna jin su suna dukan duwatsu kafin su kai ƙasa. Guntun da ya rage baƙi ƙirin ne a ciki, yana marmashewa kamar jiƙaƙƙen burodi.

Jaririn Zoila ya fashe da kuka. Injiniya ya ajiye masararsa, ya tsuguna ya cusa yatsa cikin guntun, yatsan ya nutse. Ya soke abin da ya rubuta.

"Kun shiga jerin bana," ya ce. Kafin in sauke numfashi ya ƙara, "Amma ba ni da ikon tafiya in bar hanyar nan a buɗe. Daga yau an rufe ta har a gama aiki."

"Har yaushe?"

"In an yi sauri, wata takwas."

Ya tafi mota ɗauko leda mai ruwan ɗorawa da ake tare hanya da ita. Ba wanda ya yi tafi. Kowa ya san zagayen titi zuwa tasha tafiyar minti arba'in ce, dawowa kuma duk hawa. Idanu suka dawo kaina, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige, ga haushi ga tausayi.

Mama Targelia ta matso tana dafa gwiwa. Na shirya shan zagi, sai ta yi magana a hankali.

"Kullum da tukunyar masara nake sauka tasha in sayar. Gwiwar nan ba za ta kai ta zagaye ba. Wa zai ɗaukar min?"

Ni dama take kallo.

"Ni, Mama."

"Wata takwas fa, 'yata."

"Na ji."

"Ƙarfe shida nake fita," ta ce. "Kuma ba na jiran kowa."