Bugu Uku a Bango

Shekara ashirin da shida Sugra ba ta taɓa shan shayin farko a gidanta ba. Bango ɗaya ne ya raba ɗakin girkinta da na maƙwabciyarta Marziya, bangon dutse da laka, kuma kullum da an idar da sallar asuba sai Marziya ta buga shi da bayan ludayi sau uku. Sugra ta yafa mayafi, ta ɗauki kofinta mai tsagaggen baki, ta zagaya. A dafa ganye har ya yi ja, a zuba madara, a jefa man shanu, sannan Marziya ta ɗauko curin jan gishirinta ta juya shi cikin tukunya sau bakwai, ba ƙari ba ragi. Mazajensu sun rasu ɗaya bayan ɗaya, 'ya'ya sun watse biranen Skardu da Karaci neman abinci, amma bugun nan bai taɓa fashi ba.

Ciwon kuwa bai zo da sallama ba, lallaɓowa ya yi. A tsakiyar bazara, mata na kan rufin gida suna shanya 'ya'yan itacen nan da ake kira culi suna sharce gumi, ita tana ƙudundune cikin bargo tana rawar ɗari. Gashi ya riƙa bin mataji. Fuska ta kumbura, murya ta dushe har jikokin mutane suka fara kwaikwayonta a hanya. Sai ta ɗora gurasa a wuta ta tsaya tana kallon bango, ba ta farga sai ƙauri ya cika ɗaki.

Marziya ta ce, "Yaya Sugra, rabin gurasa kike ci a gabana, to ina kike samo wannan ƙibar? Ko akwai wata tukunyar da kike ɓoye min?"

"Bar ni, ke dai. Ko dariyar ma gajiyar da ni take."

Ma'aikaciyar lafiya da ke zagaya ƙauyuka ce ta fara lura da wuyanta. Ta taɓa, ta ce ta haɗiyi yawu, ta ce maƙoƙo ne ya fara, lallai ta je Skardu. A can aka ɗebi jini, likita ta zaunar da ita ta yi mata bayani dalla-dalla. Wai akwai wata 'yar tsoka a gaban wuya, ita ke hura wutar jiki, to tata ta yi sanyi. Ta ba ta ƙwaya wadda ba ta kai ƙwayar alkama ba, ta ce kullum da safe, ciki babu komai, da ruwa zalla, kuma har ƙarshen rai. Shayi mai madara sai bayan awa guda cif. Ta ƙara da cewa ta koma gishirin leda na kanti, don na dutse ba shi da abin da wuyan ke buƙata.

To, a nan Sugra ta yi wauta. Da ta tsaya kan maganar awa guda, da an wuce wurin. Amma da ta dawo sai ta zazzage wa Marziya komai, yadda aka faɗa mata, har da zancen gishiri, alhali curin yana hannun Marziya tana shirin tsoma shi.

Marziya ta tsaya cak. "Wato gishirina ne ya kumbura miki wuya."

"Ni ban ce ba. Likita ce ta ce..."

"Shekara ashirin da shida ina ba ki guba ke nan, ban sani ba. Ni da nake sha tare da ke, ga wuyana kamar na zakara. Gishirin leda kuma, ba shi ne ake cewa na hana haihuwa ba?"

"Haba Marziya, ni da ke wace haihuwa ta rage mana?"

A da, da sun yi dariya har da hawaye. Ranar Marziya ba ta ko murmusa ba. A ƙauyen nan ana iya ƙin kuɗin mutum, ana iya ƙin 'yarsa, a shirya daga baya, amma wanda ya ture shayinka ya kushe gishirinka, ya faɗa maka abin da ke ransa ke nan.

Sugra ta so ta gyara. Wata guda tana haɗiye ƙwayar da shayin Marziya a asirce, tana cewa ai Allah ne mai warkarwa. Da ta koma Skardu aka sake ɗibar jini, likita ta dube ta ta saman tabarau ta ce, "Inna, da me kike shan maganin nan?" Ta yi mata faɗa kamar yarinya, ta ce madara na riƙe shi ne, ba ya shiga jiki, in ta ci gaba a haka wata rana zuciyar ma za ta gaji.

Mai hankali zai ce to ta tashi da wuri mana, ta sha kafin kiran salla, kafin a buga bango awa ta cika. Wanda bai ɗanɗani ciwon nan ba ne zai faɗi haka. Barcinsa danne mutum yake kamar an aza masa buhun alkama a ƙirji. Da ƙyar take kama sallar kafin rana ta fito, bugun bangon ma shi ke tashinta. Sai ta haɗiyi ƙwaya, ta zauna bakin murhu mai sanyi tana kallon agogon da ɗanta ya aiko, tana jin ƙarar kofi ta bayan bango. In awa ta cika ta zagaya, ta tarar an wanke tukunya, Marziya ta kora awaki.

Mako biyu Marziya na bugawa ba a zuwa kan lokaci. Ran nan ta daina.

Ba su yi faɗa ba, da ma sun yi da ya fi sauƙi. Suna gaisawa a bakin magudanar ruwa, kin tashi lafiya, lafiya lau, kowa ta kama gabanta. Sugra ta koyi dafa shayinta ita kaɗai da gishirin leda, ba ta taɓa dacewa da gwargwado ba. Kaɗaici ya ishe ta ƙwarai, wani lokaci takan jingina bayanta da bangon don ta ji ɗumin murhun Marziya ta cikin dutse.

Maganin kuwa ya yi aikinsa, a hankali. Kumburin fuska ya sauka. Ta cire bargo ɗaya. Ta kira akuya da safe ta ji muryarta ta dā ta dawo, ta waiga ko akwai wanda ya ji, babu kowa. Har ta fara farkawa da kanta gab da kiran salla, ta ce a ranta nan da mako ɗaya ko biyu za ta iya tashi da wuri sosai, ta sha ƙwaya, ta je ta tsaya ƙofar Marziya da kofi, ta ga ko za ta iya korar ta.

A bakin wasu ta ji cewa ɗan Marziya ya zo daga Karaci zai tafi da uwarsa kafin dusar ƙanƙara ta rufe hanya, wai gwiwoyinta ba za su ƙara ɗaukar hunturu ba.

Ran tafiyar, Sugra ta idar da salla, ta haɗiyi ƙwayarta ke nan, sai ta ji bugu uku. Ta dubi agogo. Ta kife shi a kan tabarma, ta ɗauki kofi.

Ɗakin duk ƙulle-ƙullen kaya. Marziya ba ta ɗago ba, ta karɓi kofin ta cika shi. Sugra ta kurɓa, ta tsaya. Shayin salam yake.

"Marziya, kin manta gishiri."

"Ban manta ba. Kin ce shi ke sa ki ciwo."

"Ɗauko shi, don Allah. Sau bakwai, yadda kika saba."

"Yana ƙasan akwati, an riga an ɗaure." Ta ɗan dube ta. "Fuskarki ta faɗa, Yaya. Kin yi kyau. Ashe likitarki ta san abin da take yi."

Haka suka shanye shayin nan marar daɗi har ƙasan tukunya, babu wadda ta bar ko ɗigo. Mota ta yi ƙaho a bakin gada, ɗan ya shigo ya fara kwasar kaya.

Washegari Sugra ta farka tun kafin ladan, garau, ba nauyi ba kasala, irin farkawar da ta yi wata huɗu tana roƙon Allah. Ta sha ƙwayarta da ruwa zalla. Da aka idar da salla awa ta cika cif, ba abin da ya hana ta shan shayi. Ta ɗauki kofi ta zauna ta jingina da bangon, ta ji dutsen ya yi sanyi.