Kwano na Uku na Kawu Wiryo

Shekara goma sha ɗaya ina dafa soto, wata miyar kaza, a shagon wani a garin Solo, babu wanda ya damu da ranar haihuwata sai da na ce zan buɗe nawa. Inna ta kira yayanta, Kawu Wiryo, mai lissafin ranaku. Na zuba masa miyar kazar da zafinta.

Ya ƙirga da yatsu, ya girgiza kai. "Lastri, a lissafin gargajiya, ranar Talata Wage aka haife ki. 'Yar wannan rana kasuwa ba ta karɓarta. Ki zauna inda kike."

Raina ya ɓaci. Bai ma tambaya ko zan jure rainin mai saye ba, abin da ni yake damuna ke nan. Sai ma ya miƙo kwano a karo na uku.

Na rufe tukunya. "Kawu, wannan rupiya dubu sha biyar ne."

"Ni za ki sayar wa, don rashin kunya?"

"Ai ku kuka ce ba zan iya ba. Gwadawa nake."

Ya dubi Inna, ya dubi tukunya, sannan ya laluba aljihu.