Tsohuwar Lasifikar Baba

Har aka yi asuba ban runtsa ba. Tambaya ɗaya ce take ta kai-komo a raina: gyara na yi wa rediyon Baba, ko ɓarna?

Rediyo ne na katako mai fitilu a ciki, wanda sai ya ɗauki zafi kafin ya yi magana. Tun rasuwar Baba, Umma ba ta karyawa sai yana kunne a kan kabad. Lasifikarsa ta daɗe tana zuza kamar ƙuda a cikin kwalba, ni kuwa da na karanta ilimin lantarki a jami'a, zuzar nan zagi nake jin ta. Don haka na ɗauke shi ba tare da shawara ba, na kai wa mai gyara ya cire tsohuwar lasifikar ya ɗaura sabuwa. Murya ta fito tas. Umma ta saurara na ɗan lokaci, sannan ta murɗe shi ta kashe.

"Baƙo ka kawo mini," ta ce. "Na mahaifinka ba haka yake magana ba."

Kwana uku ke nan ba ta sake kunna shi ba, shayinta ma a kofi yake hucewa.

Gari na wayewa, na riga mai gyara zuwa shagonsa. Na yi ta safa da marwa a bakin ƙofa, ina fargabar ko masu sayen tsofaffin ƙarafa sun riga sun kwashe tsohuwar lasifikar.

"A'a, Injiniya!" in ji shi yana buɗe kwaɗo. "Ko sabuwar ma ba ta kai digirinka ba?"

"Malam, tsohuwar nake nema."

"Wadda ka ce in jefa a bola?"

Na sunkuyar da kai. Ya yi dariya, ya laluba ƙarƙashin tebur, ya fito da ita a naɗe cikin jarida.

"Da ka tsaya ka dube ta ran nan, da ba ka sha wannan sammakon ba. Duba nan."

Baƙar takardar lasifikar ta taɓa yagewa, an liƙe yagar da guntun shafin littafin makaranta. A jikinsa akwai lissafi da fensir, lambobin sun karkace, an rubuta bakwai a juye. Har aji uku haka nake rubuta bakwai.

"A bencin nan mahaifinka ya zauna ya liƙa, ya hana ni taɓawa," in ji mai gyara. "Na ce masa takardar littafi ta yi kauri, za ta yi zuza. Ya ce ta yi ta yi. Ka kawo in ɓare, in sa maka siririya, ka ji ta garau."

Na daɗe ina kallon bakwai ɗin.

"A'a, Malam. Ara mini dalma da ƙarfen narkawa."

Da na koma gida Umma tana kicin. Na kwance bayan rediyon, na cire sabuwar lasifikar, na mai da tsohuwar mazauninta, na haɗa wayoyin biyu da hannuna. Na ɗora shi a kan kabad, daidai inda ƙafafunsa suka yi shaida a jikin katako, na murɗa. Fitilu suka yi ja a hankali, can sai zuzar ta taso.

Ƙarar cokali ta tsaya a kicin. Na ɗauki ƙarfen mai gyara na fita mai da masa.