Yadda Aka Yanka Maganar Kawu Lavelle

Kowace Asabar da rana muna haɗuwa a ɗakin baya na shagon wankin Madam Odalys, a gabashin Baltimore, mu yi ta saran juna. Ba da gaske ba, a wasan bidiyo ne a talabijin. Ƙarfe Bakwai sunan wasan, kowane jarumi a ciki da makaminsa: wani takobi, wani gatari, wani lauje mai sarƙa. Injinan wanki na ruri a waje, mu muna ihu a ciki, ƙanshin sabulu ya cakuɗe da na soyayyiyar kaza da dankali.

Ni direban bas ne, kuma ban taɓa zama gwani ba. Gwanayenmu biyu ne. Akwai Yesenia Carrión, ma'aikaciyar jinya, mai wasa da ƙaton jarumin nan mai gatari, bakinta ya fi gatarin kaifi. Sai babbanmu, Lavelle Pettiford, tsohon ma'aikacin tashar jiragen ruwa, wanda kowa ke ce wa Kawu.

Shekarun baya ɓarin jikin Kawu na hagu ya shanye. Ya tashi, amma hannun bai dawo daidai ba, yatsun sun yi nauyi. Mun ɗauka ya gama da wasa. Sai ya dawo ya zaɓi jarumar da ba wanda ke kallo, wata tsohuwa mai furfura da dogon mashi, muna ce mata Gwaggo. Ba ta tsalle, ba ta gudu. Tsayawa take daga nesa ta jira ka yi wauta, sai ta soke ka. Da ita Kawu ya riƙa motsa yatsun nan har suka soma jin magana, ya koma yana cin kowa.

"Matso mana, 'yar nan," haka yake ce wa Yesenia. "Zo ki gaishe da Gwaggo."

"Kawu, wannan ba faɗa ba ne, layin asibiti ne. Mutum ya tsufa yana jira."

"To ki tsufa a tsaye, kin ga ta sake soke ki."

Da aka ce kashi na biyu na wasan zai fito, mun yi wata da watanni ba mu da wata hira. Ranar da ya iso, Kawu har da sabuwar hula. Aka kunna, hotunan jarumai suka bayyana. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ya dawo ya sake bi. Babu Gwaggo. Mashinta, masu ƙera wasan sun ba wani saurayi mai shuɗin gashi da ke wuntsila gudidi a sama kamar biri.

Wannan ma da sauƙi. Sun ƙirƙiro wani sabon abu: ana cikin faɗa sai makamai su sarƙe, allo ya yi walƙiya, kowa ya hau dukan maɓallai da hannu biyu iya saurinsa. Wanda ya fi sauri shi ya ci. Babu dabara, babu haƙuri, sai ɓarin yatsu. Kawu ya gwada, ya sake gwadawa. Hannun hagun ya ƙi. Ya ajiye akwatin maɓallan a hankali, ya ɗora hannun a cinya.

Raina ya ɓaci. Na ce, "Wannan wasan yara ne! Ko kyanwa ta taka maɓallan nan za ta ci."

"Ƙarya kake," in ji Yesenia. "Gatarin ya fi na da nauyi, tafiyar ta fi santsi. Wasan ya yi kyau. Abu ɗaya suka ɓata."

"Abu ɗayan ai shi ne mutum guda a zaune kusa da ke."

Ta juya ta kalli hannun Kawu.

Bayan 'yan makonni sai ga baƙo daga kamfanin da ya yi wasan. Corwin sunansa, saurayi mai fara'a, da mai ɗaukar hoto a bayansa da kwalayen fiza, abincin nan na Turawa, a hannu. Ya ce zagayawa suke gari gari don jin ra'ayin 'yan wasa na gaske, mai daɗi da mara daɗi. Ya zauna ya buga da mu, kuma ya iya, ba laifi. Da ya ji labarin Kawu sai idonsa ya yi haske.

"Yallaɓai, ka yarda mu ɗauke ka? Manyanmu ya kamata su ji wannan daga bakinka."

Kawu ya gyara hula ya fuskanci kyamara. Ina tsaye a gefe, na ji komai da kunnena.

"Wasan nan shi ya dawo min da hannuna," ya ce, ya ɗaga hannun. "Na farkon nake nufi. Amma wannan sabon, ban taɓa ganin irinsa ba wajen wulaƙanta mutum. Kun kore ni daga gidana. Ku je ku gaya musu akwai masu hannu irin nawa, kuma mu ma mutane ne."

Corwin ya yi ta gyaɗa kai. Ya riƙe hannun Kawu da hannu biyu, ya ce wallahi saƙo zai isa.

Saƙo ya isa kuwa. Ina hutun rana a tashar bas Yesenia ta turo min bidiyon, ba ta rubuta komai ba. Tallar kamfanin ce. Ga kiɗa mai sanyi, ga shagon Madam Odalys, ga hannun Kawu an matso da shi har jijiyoyi ana gani. Sai muryarsa: "Wasan nan shi ya dawo min da hannuna." Aka nuno saurayi mai shuɗin gashi yana wuntsilawa. Muryar ta dawo: "Wannan sabon, ban taɓa ganin irinsa ba." Shi ke nan. Sai sunan wasan da manyan baƙaƙe.

Na kalla har ƙarshe a tsaye. Mutum ya buɗe muku ciwonsa, ku ɗauka ku yi talla da shi!

Kafin Asabar abin ya zaga ko'ina. Matan cocinsu suna tare Kawu suna yi masa barka. 'Yarsa ta kira daga Atlanta tana kukan daɗi, sai da ya zauna ya yi mata bayani. Su kuwa 'yan wasan da suka tsani sabon kashin, waɗanda ba su san shi ba, zaginsa suka shiga yi a intanet, wai tsoho ya sayar da kansa.

Muka kira Corwin a gaban kowa.

"Na fahimci damuwarku ƙwarai," ya ce. "Amma ba ni nake yanka bidiyo ba, wani sashe ne daban. Kuma ai duk kalmomin nasa ne, ba a ƙara ko ɗaya ba."

"Ɗan nan," in ji Kawu, "in na ce ban taɓa ganin maƙaryaci irinka ba, su ma kalmomina ne. Je ka yanka."

Kawu ya kashe wayar.

A ƙarshen watan aka yi babbar gasa a wani otal a Philadelphia, kamfanin ne ya ɗauki nauyi, kuma wanda ya ci za a kai shi gasar ƙasa. Yesenia ta shiga. Kawu ya ce ba za shi ba, sai da na je har ƙofar gidansa na yi ta danna hon. Muka zauna can baya. Tsakanin kowane zagaye sai su sako tallar nan a ƙaton allo, hannun Kawu ya fi ƙofa girma. Ya ja hularsa ya rufe fuska.

Yesenia ta bi su da gatari ɗaya bayan ɗaya har ta cinye gasar. Mai gabatarwa ya hau dandamali da murmushi ya miƙa mata makirfo.

"Zakararmu! Faɗa mana, yaya kika ga sabon Ƙarfe Bakwai?"

"Ina son shi," ta ce. "Amma mutumin da kuke ta nunawa a allon nan, ga shi can zaune a baya. Kawuna ne. Ba ya iya buga wasan nan, domin kun cire jarumarsa kun sako abin da hannunsa ba zai iya ba. Abin da ya gaya muku ke nan, kuka yanke..."

Makirfon ya mutu. Aka sako kiɗa. Ba su san wadda suka taɓa ba. Matar da ke kiran likita daga wannan ƙarshen asibiti zuwa wancan ba ta buƙatar makirfo. Ta ƙarasa maganarta da ihu, kalma bayan kalma, yadda Kawu ya faɗe ta. Mutane suka juyo suna neman sa. Wani ya ɗaga murya ya ce a dawo da mai mashi, sai zauren ya ɗauka gaba ɗaya har kiɗan ya ɓace.

Washegari tallar ta ɓace daga intanet. Ba wanda ya kira Kawu ya ba shi haƙuri. Gwaggo ba ta dawo ba. Ita kuwa Yesenia, saƙo aka aiko mata cewa an ba na biyu gurbinta a gasar ƙasa, wai ta saɓa ƙa'idar ɗa'a a kan dandamali. Su ne masu ɗa'a!

Da Kawu ya ji, faɗa ya rufe ta da shi. "Wa ya aike ki? Kin ci abinki da guminki, kin je kin zubar saboda tsoho."

"Ba don kai na yi ba, Kawu. Kiɗan tallar ne ya ishe ni."

Madam Odalys ta kawo mana tsohuwar talabijin daga gidanta, yanzu biyu ne a ɗakin, tsohon wasa a ɗaya, sabo a ɗaya. Musu bai ƙare ba. Yesenia na nan kan bakanta cewa sabon ya fi daɗin bugawa, ni kuma har yau ban taɓa shi ba.

Makon jiya kamfanin ya fito da wata tallar. Wannan karon wata mata ce a Detroit, tsohuwar soja a keken guragu, tana cewa wasan ya canza mata rayuwa. Kawu ya karɓi wayar ya kalla, ya mayar baya ya sake kallo, yana bin leɓɓanta da ido.

"Ba ta gama magana ba," ya ce. "Yesenia, nemo min matar nan. Ina so in ji sauran."